Rajistar Haihuwa, Aure da Mutuwa a Tsibirin Barbados

Barbados ƙaramin tsibiri ne a gabashin tekun Karibiyan, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 430. Turawan Ingila sun zauna a cikinsa tun 1627, ya sami 'yanci a 1966. Mai neman asalin wani mutumin tsibirin sai ya fara sanin shekarar da yake nema, domin ita ke nuna inda takardar take.

Gwamnati ta fara rajistar haihuwa a 1890, ta mutuwa a 1925, ta aure kuwa a 1930. Ofishin rajista da ke Bridgetown, babban birnin ƙasar, shi ke ba da takardar shaida ta waɗannan shekaru zuwa yau.

Kafin nan, aikin na coci ne. An kasa tsibirin gunduma 11, kowacce da cocin Anglican nata, irin su St. Michael da Christ Church, limamin cocin kuma shi ke rubuta baftisma da ɗaurin aure da binne gawa. Mafi tsufan waɗannan littattafai sun kai 1637, amma da giɓi da yawa, saboda gobara da guguwa, musamman guguwar 1831 da ta rushe coci-coci. Ranar baftisma kuma ba ita ce ranar haihuwa ba. Wani lokaci shekaru ke tsakaninsu. Littattafan da suka tsira suna Ma'adanar Tarihi ta Barbados a Black Rock, a ginin tsohon asibitin kutare, ƙungiyar FamilySearch kuma ta sa hotunan da yawansu a intanet. Gobarar da ta cinye wani sashe na ma'adanar a Yunin 2024 ta ƙara nuna amfanin waɗannan hotuna.

Babbar wahalar tana kan zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka, waɗanda su ne mafi yawan mutanen tsibirin. Kafin hana bauta a 1834 ba a cika yi wa bawa baftisma ba, don haka da wuya sunansa ya shiga littafin coci. Inda ake samunsa shi ne rajistar bayi, wadda aka wajabta wa masu bayi daga 1817 zuwa 1834. Kwafinta na Ma'adanar Ƙasa ta Birtaniya a Kew, ƙarƙashin lambar T 71. A ciki an jera bayi ƙarƙashin sunan ubangidansu, galibi da suna ɗaya tak, da shekaru, da launin fata, da ko a Afirka aka haife su ko a Barbados. Abin takaici ne a ce an rubuta mutum don lissafin dukiya kawai, amma sau da yawa wannan ce kaɗai shaidar rayuwarsa da ta rage. Sunan iyali ya bazu ne bayan hana bauta, kuma ba kowa ya ɗauki na tsohon ubangida ba, saboda haka kamannin suna kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka. Sai an haɗa da sunan gona, gunduma da shekaru.