Waɗanda Suka Tsaya Wurin Kaya

Akwai wata tambaya da ba ta taɓa kayar da kowa a gasar tambayoyi ta zumuntarmu: su wane ne suka fara kawo aikin SIM ƙasar nan, kuma yaushe suka iso? Kafin mai tambaya ya rufe baki hannuwa sun tashi. Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, ranar 4 ga Disamba 1893, a Legas. Mun haddace sunayen tun muna Makarantar Lahadi, muna kuma ganinsu a allunan manyan wurare: Jami'ar Bingham a Karu, asibitin Jankwano na Jos wanda yanzu yake ɗauke da sunan Bingham, makarantar Kent a Miango. Girman nan ya dace da su, domin biyu daga cikinsu sun ba da ransu tun ba su kai shekara talatin ba. Amma idan muka bi labarin a hankali za mu tarar da waɗansu mutane a gefensa, waɗanda ba a tambayar sunansu a gasa, alhali da babu su da labarin ya ƙare tun a shekararsa ta farko.

Bari mu fara daga wani gida a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a shekarar 1893. Uwar gidan, Margaret Gowans, 'yar asalin Sikotilan ce. Ta riga ta sallami 'yarta zuwa aikin bishara a ƙasar Sin, ga shi kuma ɗanta Walter ya ƙwallafa rai a kan Sudan. A bakin Turawan wancan zamani, Sudan ba ƙasar da muka sani yau da wannan suna ba ce. Suna nufin dukan faɗin ƙasar da ke kudu da hamadar Sahara, daga wajen Senegal har zuwa kogin Nilu, ƙasarmu kuwa tana tsakiyarta. Walter ya yi karatu a makarantar horon masu bishara ta A. B. Simpson a New York, ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙungiyoyin mishan, ba wadda ta yarda ta aike shi. Waɗansu suka ce ba kuɗi, waɗansu suka ce zazzaɓin ƙasar kisa yake yi. Ba ƙarya suka faɗa ba.

Wata rana Margaret ta ji wani saurayi ɗan shekara 20 yana wa'azi, ta gayyace shi gidanta. Bingham ke nan, haifaffen Ingila, wanda ya taɓa aiki da ƙungiyar Salvation Army. Ta zaunar da shi ta shimfiɗa masa zancen Sudan da miliyoyin mutanenta, da ɗanta wanda ya riga ya haye zuwa Ingila yana neman hanya shi kaɗai. Bingham ya fita gidan da nawayar da bai shigo da ita ba. Cikin 'yan makonni ya hau jirgin ruwa ya bi Walter. Kent, mutumin Buffalo, abokin karatun Walter, ya same su daga baya. Mu fastoci mun saba cewa Allah ne ya kira Bingham, haka ne kuwa. Amma kiran ya zo masa ta bakin wata uwa a ɗakin baƙinta, ba bagadi, ba taron jama'a.

Da suka sauka Legas, 'yan mishan da suka daɗe a bakin teku suka yi ƙoƙarin hana su. Shugaban mishan na Metodis ya gaya musu a fili cewa su dai ba za su ga ƙasar da suke nema ba, ko 'ya'yansu ma da wuya. Ga kuma rashin guzuri. Tafiya cikin ƙasa a lokacin tana bukatar 'yan dako da kayan musaya, irin su yadi da gishiri, domin da su ake sayen abinci, da su ake gaisuwar sarakuna a kowane gari. Ba su da hukumar da za ta aiko musu da albashi. Suka sayar da abin da za su iya sayarwa cikin kayansu, suka ba da kansu ga addu'a. Cikin taimakon da ya iso musu ta jirgin wasiƙu akwai na wata mai aikin gida, Mary Jones, wadda aka bar wa ɗan gado, ta ɗauka ta aiko. Mace mai share ɗakin wani, mai wanke kwanukan wani, ita ce ta sa ƙafafun 'yan dako suka kama hanyar arewa.

Tun kafin su tashi zazzaɓi ya kwantar da Bingham. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke kawo cutar. Sai a 1897 likita Ronald Ross ya tabbatar da haka a Indiya. Aka shirya Bingham ya tsaya a bakin teku yana karɓar wasiƙu da kuɗi, yana tura kaya, Gowans da Kent su yi gaba. Ku lura da wannan, domin sau da yawa mukan tsallake shi. Mutumin da sunansa ya fi na kowa fitowa a yau, a tafiyar farko shi ne mai tsaron kaya. Ko daga baya ma, yawancin hidimarsa daga Toronto ya yi ta, yana rubuce-rubuce, yana neman ma'aikata da kuɗin aika su, yana kai ziyara yana komowa.

Wannan yana tuna mana da 1 Sama'ila sura 30. Dawuda yana bin sawun Amalekawa da suka ƙone Ziklag, sai mutum 200 cikin 600 nasa suka gaji, suka tsaya a rafin Besor tare da kaya. Da aka dawo da ganima, waɗansu cikin waɗanda suka je fagen fama suka ce kada a ba masu tsaron kaya komai sai matansu da 'ya'yansu. Dawuda ya ƙi. Ya raba daidai tsakanin wanda ya riƙe takobi da wanda ya zauna gadin kaya, ya kuma mai da abin ka'ida a Isra'ila. Dalilinsa shi ne, nasarar kyauta ce daga Ubangiji, saboda haka ba wanda yake da ikon cewa shi ya fi cancanta.

Shekarar 1894 ta zo da wuya. Kent ya koma bakin teku ɗebo ƙarin kaya, Gowans ya ci gaba shi kaɗai tare da 'yan rakiyarsa baƙaƙen fata. Zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi ne. Ya faɗa hannun mayaƙan Kwantagora, kayansa suka salwanta, daga baya aka sake shi. Ya isa Zariya jiki ba ƙarfi, ciwon ciki da zazzaɓi sun cinye shi. Aka juyo da shi za a mai da shi bakin teku, bai yi nisa ba ya rasu a Girku, kudu da Zariya, ranar 17 ga Nuwamba 1894. Makonni uku bayan haka, ranar 8 ga Disamba, Kent ya rasu a Bida yana kan hanyar komawa wurin abokinsa da kaya.

A Girku babu Bature ko ɗaya kusa da Gowans. Wanda tarihi ya riƙe sunansa a wurin shi ne Tom Coffee, yaronsa, ɗan ƙabilar Kru ta bakin tekun Laberiya, mutanen da suka yi suna wajen aikin jiragen ruwa da ƙwadago a garuruwan gaɓar Afirka ta Yamma. Shi ya binne maigidansa a cikin gona. Mu tsaya mu auna matsayinsa. Shi ma baƙo ne a ƙasar Zazzau, tafiyar makonni da yawa tsakaninsa da teku. Maigidan ba shi da sauran kayan da zai biya kowa da su, ba shi da ƙarfin ba da umarni, ba kuma wanda zai kai ƙarar yaron da ya sulale da dare ya bar majiyyaci. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ciki a asibitin ƙauye ya san irin aikin: wanki, ɗauka, ba da ruwa kaɗan-kaɗan, kwana a zaune. Tom Coffee yana nan har ƙarshe. A cikin Linjila ma, ranar da manyan almajirai suka watse, Yusufu mutumin Arimatiya, wanda ba mu taɓa jin wa'azinsa ba, shi ya je ya roƙi jikin Ubangiji ya sa a kabari. Littattafan tarihin mishan sukan ba Tom Coffee layi ɗaya ko biyu su wuce. A ganinmu, mu 'yan ƙasa da muka gaji aikin nan, bai kamata mu wuce da saurin da suka wuce ba, domin shi da 'yan dako da tafintoci su ne kashin farko na 'yan Afirka a cikin labarin da muke kira namu.

Abin da ya sa muka tono wannan tarihi yana nan kusa da mu. Duk shekara idan lokacin zaɓen shugabannin zumunta ya zo, muna ganin yadda ake rububin kujerar shugaba da ta mai bi da waƙa. Idan aka zo kan ma'aji, ko mai ziyarar marasa lafiya, ko wanda zai riƙa zuwa da sassafe ya share majami'a ya jera kujeru, sai kowa ya sunkuyar da kai yana duban wayarsa. Mun taɓa ganin matashi ya daina zuwa sujada wata uku domin an manta da sunansa a jawabin godiya bayan taro. Ba mu raina zafin da ya ji ba, mantuwa tana da ciwo, mu shugabanni kuma muna da laifi, gama mun saba yabon miya mu manta da duwatsun murhu. Amma zamanin Facebook da WhatsApp ya ƙara mana wata cuta, har ya zama kamar hidimar da ba a ɗauki hotonta ba ba a yi ta ba. Yesu ya yi magana a kan wannan a Matiyu sura 6, inda ya ambaci sadaka da addu'a da azumi, ya nuna cewa wanda ya yi domin idon mutane ya riga ya karɓi ladansa a nan, Uba kuwa yana ganin abin da aka yi a ɓoye. Tambayar da ke gabanmu mai sauƙi ce, amsarta ce mai nauyi: aikin da muke yi a ikkilisiya, za mu ci gaba da shi idan muka tabbata ba za a taɓa ambatonmu ba?

Mu koma Toronto. A 1895 Bingham ya dawo gida, ba tasha ko ɗaya, ba ikkilisiya, sai kaburbura biyu. Ya ɗauki 'yan kayan da Walter ya bari ya kai wa mahaifiyarsa. Kowa zai iya zaton irin maganar da uwa za ta faɗa wa wanda ya tafi da ɗanta ya dawo shi kaɗai. Bingham ya ba da labari daga baya cewa ta karɓe shi, ta riƙe hannunsa, suka yi shiru, sa'an nan ta nuna masa cewa mutuwar ɗanta a can cikin biyayya ta fi mata a ce yana zaune a gida ya ƙi kiran Ubangijinsa. Ana yawan maimaita wannan magana a wa'azi, tana da daɗin faɗi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne shekarun da suka biyo baya, lokacin da babu wani abin faɗi. Margaret ta ci gaba da addu'a domin ƙasar da ta cinye ɗanta, tana jawo waɗansu su yi tare da ita. Ba rahoton tuba da ke zuwa, ba wasiƙa daga fili, domin babu kowa a filin.

Bingham ya ɗan koyi aikin magani, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya yi aikin fasto a Newburgh ta jihar New York, ya auri Helen Blair a 1898. A shekarar nan aka kafa ƙaramin kwamiti a Toronto domin a sake gwadawa. A 1900 ya sake sauka Legas da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka sa shi a jirgi zuwa gida, abokan tafiyarsa kuma suka karaya suka biyo shi a jirgi na gaba. Shi da kansa ya shaida cewa bai taɓa shiga duhu irin na wannan lokaci ba. Shekara bakwai ke nan ana zuba addu'a da kuɗi da rayuka, ba abin nunawa. A shekarar 1900 ɗin ce kuma ayarin CMS na Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller, bayan Sarkin Kano Alu ya sallame su, suka zauna a Girku, ɗaya daga cikinsu, Claude Dudley Ryder, ya rasu aka binne shi a garin da Gowans yake kwance.

Ayari na uku ya tashi a 1901, mutum huɗu, Bingham ba ya cikinsu. Abubuwa sun sake a lokacin, kuma gaskiya ta wajaba mu faɗa: Turawan mulki sun riga sun ci Bida da Kwantagora a farkon shekarar, hanyar kogin Kwara ta buɗe, an kuma fara sanin yadda ake kare kai daga zazzaɓi da kwinin da gidan sauro. A 1902 suka kafa tasha a Patigi, a ƙasar Nupe. Ko a nan ma, cikin shekara biyu ɗaya ya rasu, biyu suka koma gida da ciwo, aka bar A. W. Banfield, wanda ya duƙufa a kan harshen Nupe har ya fassara Littafi Mai Tsarki a cikinsa. Daga Patigi aikin ya bazu zuwa Wushishi, Egbe, Kwoi, Miango, Kagoro da sauran wurare, yawancinsa a ƙafafun masu bishara 'yan ƙasa da matansu, waɗanda suke noma da rana su koyar da karatu da yamma. Bingham ya rasu a Disamba 1942, saura shekara ɗaya aikin ya cika hamsin. Ikkilisiyoyin da suka fito daga ciki suka haɗu suka zama ECWA a 1954, shekara sittin bayan an haƙa kabarin nan a gonar Girku.