Matan Arewa da Jami'a: Yadda Tazarar Ta Faro, da Yadda Ta Ragu

Kafin Turawa su ci ƙasar Hausa a 1903, ilimi mai zurfi a zauren malamai yake, kuma galibi maza ne ke ɗaukar karatu a can. Amma ba a rufe wa mata ƙofa ba. A gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mata sun yi karatu har sun zama malamai. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta naɗa jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta koma ƙauye tana karantar da 'yan uwanta mata. Duk mai cewa addini ne ya hana macen Arewa zurfafa karatu, wannan tarihin bai goyi bayansa ba.

Babbar tazarar da muka taso muka tarar, da boko ta zo. Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Malaman makaranta da akawu da ma'aikatan En'e Turawa ke nema, saboda haka maza kaɗai suka ɗiba. A Kwalejin Katsina aka yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. 'Yan mata kuwa sai a 1930 aka buɗe musu makarantu a Kano da Katsina, a ƙarƙashin kulawar sarakuna, kuma abin da aka fi ba ƙarfi shi ne ɗinki da tsabta da renon yara, sai ɗan karatu da lissafi. Ko kwalejin horar da malamai mata da aka buɗe a Sakkwato a 1939 ba ta kai ɗaliba jami'a. Tsani ne aka kafa wa namiji har sama, na mace kuwa aka tsayar da shi a mataki na biyu. Da aka buɗe jami'ar Ibadan a 1948, yarinyar Arewa ba ta ma da sakandaren gwamnati da za ta bi ta kai can. Sai a 1956 aka buɗe makarantar Sarauniya Elizabeth a Ilori, shekara 34 bayan Kwalejin Katsina.

Iyayenmu ma da nasu kason. Suna tsoron kada boko ya raba yarinya da addininta da tarbiyyarta, ga aure da wuri, ga talla da uwa ke dogaro da ita. Mutane irin su Malam Aminu Kano da Isa Wali sun sha suka saboda sun fito fili sun ce a bar mata su yi karatu.

Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962, aka kafa na Sakkwato da Maiduguri a 1975, Kwalejin Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo da 'yan mata cikin aji. Amma a ganinmu, ainihin juyin ya zo ne ranar da aure ya daina zama ƙarshen karatu. Makarantun Islamiyya sun saba wa magidanta ganin matansu sun fita da littafi a hannu. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a Kano a 1980, matan aure suka koma aji. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ta kafu a 1985, ta riƙa kafa hujjar karatun mata da addinin kansa. Daga nan aka fara ganin mace da goyo a bayanta tana shiga lakca, mijinta ne ma ya sauke ta a bakin ƙofa. Waɗannan matan, da mazan da suka toshe kunne ga surutun dangi, su suka sauya lissafin.

Ba a daɗe ba Farfesa Gambo Laraba Abdullahi ta shugabanci Jami'ar Abuja, Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta zama ministar ilimi a 2010, Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta karɓi ragamar Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2016. Tazarar da ta rage yanzu ta fi yawa a sassan injiniya, da kuma ƙauyukan da yarinya ke barin makaranta tun kafin ta gama ƙaramar sakandare.