Makullin Fasaha da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022

Makullin fasaha shi ne tsarin da ake sanya wa fim, waƙa ko littafin intanet domin hana kwafarsa ba da izini ba. Rauninsa shi ne da zarar mutum ɗaya ya ɓalle shi, aikin ya bazu a wayoyi. Wannan giɓi ne Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ta zo cikewa. Ta haramta karya makullin da sayar da na'urar karya shi, ta kuma bai wa mai haƙƙi ikon neman shafin intanet ya sauke aikinsa da aka sata. Masu tura finafinan Kannywood a waya ba da izini ba su ma dokar ta hau kansu.