Tuƙa jirgin ƙasa na Shinkansen a kwamfuta: abin da ya kamata mu sani

Yau za mu yi bayani a kan wata manhaja ta kyauta da ke bai wa mutum damar zama wurin direban jirgin ƙasa mai gudun tsiya na ƙasar Japan, yana daga ɗakinshi.

Mene ne Shinkansen?

Shi ne jirgin da Japan ta buɗe ran 1 ga Oktoba 1964 tsakanin Tokyo da Osaka, tafiyar kilomita 515. A lokacin yana gudun kilomita 210 a awa. Yau a wannan hanya yana kai 285, a hanyar arewa kuma, wadda ake kira Tohoku, har 320. Tun da aka fara, babu fasinja ko ɗaya da ya mutu sanadin karo ko kaucewar jirgi daga kan layi.

Manhajar fa?

Guda biyu ne suka fi suna. Ta farko BVE Trainsim, wadda wani ɗan Japan da ake kira Mackoy ya fitar a 1996, tana aiki a kan Windows. Ta biyu openBVE, wadda ke aiki a kan Windows da Linux da Mac. Dukansu kyauta ne. Amma manhajar kaɗai ba ta isa ba: sai an sauko da hanyar da jirgin daban. Masu sha'awa ne ke zana su don raɗin kansu, da tashoshi da gadoji da ramukan da ke ratsa duwatsu.

Yadda ake tuƙin

Babu sitiyari. Abu biyu ne: ƙara wuta da kama birki, kowanne mataki-mataki, da maɓallan kwamfuta. Kuma babu fitilar ba da hannu a bakin hanya, domin a gudun kilomita 285 jirgi na cinye kusan mita 80 a sakan guda, ido ba ya iya karanta alama. Shi ya sa aka sa na'urar da ake kira ATC: ita ke nuna wa direba iyakar gudun da aka yarda mishi a kan allon gabanshi. In ya wuce, jirgin ya kama birki da kanshi.

To ina wahalar take? Wurin tsayawa. Gudu kowa na iya yi. Amma jirgi mai wannan gudu sai ya yi kilomitoci kafin ya tsaya, kuma in an shigo tasha, direba ne ke ƙarasa birkin da hannunshi, ya aje jirgin daidai alama don ƙofofi su dace da wurin da fasinjoji suka yi layi. Lokacin Shinkansen ana lissafa shi ne da sakan 15-15. Mai koyo yakan wuce tasha, ko ya tsaya da nisa, sau da yawa kafin hannunshi ya faɗa. Direbobin Japan kuma suna da al'adar nuna alama da yatsa su faɗe ta da ƙarfi, don kar hankali ya tafi wani wuri.

Hattara

Duk wanda ya ce ku biya kuɗi kafin ya ba ku BVE ko openBVE, cutar ku zai yi. Ku nufi shafin masu su kai tsaye. Fayilolin hanya suna cin data, gara a sauko da su inda akwai wifi. Wasu bayanan da Japananci suke, amma lambobin gudu da na lokaci kowa na iya karanta su.

Manhajar ba ta ba da takardar tuƙi. Sai dai yanzu da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ƴan uwa na waje da ke aiko wa ƙannensu kwamfuta suna iya sa musu ita, yaro ya ga yadda aikin direban jirgi yake tun kafin jirgin ya iso.