Wata uku sai sallama: asalin aikin wucin gadi daga Tsanyawa zuwa Sharaɗa

Tun da aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024 ake ta jayayya kan wanda ya biya da wanda ya ƙi. Amma matashin Tsanyawa da ke hawa motar Kano bayan an cika rumbu, ba da shi ake yi ba. Ɗan wucin gadi ne, sunansa na cikin littafin ɗan kwangila kawai.

A da, gandu da gayya ke ɗaukar aikin gona, ci-rani kuma tsohuwar al'ada ce. Turawa suka ci Kano a 1903, suka matsa a biya haraji da kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa. Sai aka riƙa ɗaukar manomi lebura da rani, a sallame shi da damina, gonarsa ta ɗauki nauyin ciwonsa da tsufansa.

Dokar ƙwadago ta 1974, wadda har yau ake aiki da ita, ta zo da niyyar gyara. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Sashe na 11 kuma ya ce wanda bai haura wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa a sallame shi. Wanda ya shekara biyar, sai an ba shi wata guda. Masu kamfani suka karanta, suka gane inda arha take. Kafin wata uku su cika sai a ce kowa ya je ya huta. Bayan 'yan kwanaki a dawo bakin ƙofa da asuba, a jeru, a nuna mutum da yatsa, a sake rubuta sunansa a matsayin sabo.

Da yawa suna ɗora laifin kan tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986 da rashin wutar da ya durƙusar da masana'antun Bompai da Sharaɗa. Lallai sun ƙara wa wutar fetur, amma sun tarar da ita tana ci. Kamfen ɗin yaƙi da aikin wucin gadi da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi a zamanin shugabancin Adams Oshiomhole ma bai taɓa tushen ba. A Yunin 2020 sai da 'yan sanda suka fito da leburori sama da 100 da aka kulle a wani kamfanin casar shinkafa a Challawa.

Kariyar da sai an daɗe ake samunta tana koya wa mai aiki hana mutum daɗewa. Gonakin Tsanyawa kuwa rabon gado ya tsinka su, ba za su ci gaba da biya wa kamfani kuɗin sallama ba. Dole haƙƙin lebura ya fara daga ranar da ya kama aiki, a kuma haɗa masa watanninsa ko sau nawa aka sake rubuta sunansa.