Madugu Uban Tafiya: Lada da Wahalar Masu Aikin Ayarin Gwanja

A duk shekarar da muka zo kan darasin kalmomin fatauci, ɗalibai kan kawo mini madugu da jagaba da zango a matsayin sunayen da suka tsinta a ƙamus, su haddace, su wuce. Kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su yi tambayar da ta fi muhimmanci, wato shin waɗannan mutane da suka riƙa kai ayari daga Kano zuwa Gwanja, me suke samu a kan aikinsu, kuma wa yake ɗaukar asara idan tafiya ta ɓaci? Wannan darasi zai bi tambayar ta garuruwa uku da ke arewacin Gana a yau, wato Salaga da Yendi da Bawku, domin a can ne akasarin wannan aiki yake kaiwa ga ƙarshensa.

Hanyar da abin da ake nema a kanta

Goro shi ne dalilin tafiyar. Irin da Bahaushe ya fi so yana fitowa ne a kurmin ƙasar Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Tun wajen shekarun 1740, a zamanin sarkinsu Opoku Ware, Tonawa suka rinjayi Gwanja da Dagwamba. A ƙarni na 19 ba su cika barin baƙin fatake su kutsa cikin kurmi ba, sai dai a kawo goron Salaga, kusa da Kpembe inda sarkin yankin yake zaune, a yi ciniki a nan. Ta haka Salaga ta zama mahaɗar Hausawa da Barebari da Wangarawa da Mosawa.

Manyan hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko takan bi ta Sakkwato ko Jega, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a biyo ta Sansanin Mango a sauka Yendi, fadar Ya Na sarkin Dagwamba, daga nan a gangara Salaga. Ta biyu takan yi arewa ta ƙasar Gurma da gefen ƙasar Moshi, ta shigo ta Bawku da Gambaga. Ɗalibi ya lura da sunayen nan biyu, Sansanin Mango da Fadan Gurma: sansani da fada kalmomin Hausa ne, kuma har yau suna nan a taswirar Togo da Burkina Faso.

Daga ƙasar Hausa ana tafiya da kanwa da riguna da turkuɗi da kayan fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa, da dabbobi, da kuma bayi. A dawo da goro. Zuwa da dawowa yakan ci daga wata shida har zuwa shekara guda, kuma da rani ake tashi, lokacin da koguna suka janye. Game da girman ayari, Baturen nan Clapperton ya gamu da wani a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan haka. Barth kuwa, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shiga birnin a shekara ya haura kayan jaki 500, kowane kaya kuma, in ya iso lafiya, yana kaiwa kimanin wuri 200,000. Idan aka lissafa, dukiyar ta tasam ma wuri miliyan 100 a kasuwa guda.

Shugabannin ayari da ladansu

Ayari yana da tsari irin na ƙaramar masarauta. Madugu ne shugaba, kuma bisa al'ada a baya yake tafiya, domin ya ga wanda ya gaza, ya kuma tare bayan jama'a daga mahara. Jagaba ke gaba, shi ya san hanya da mashigin ruwa da wurin da ya dace a yada zango. Uban dawaki ke tattara abin da kowane falke zai bayar na kuɗin hanya. Akwai malamin ayari mai duba ranar tashi da yin addu'a da rubuta wasiƙa, akwai kuma makaɗi mai sanar da tashi da sauka.

Abin lura shi ne madugu ba shi da albashi. Babu wanda ya ɗauke shi aiki, fatake ne suke taruwa a bayansa saboda sunan da ya yi. Samunsa yana zuwa ne ta hanyoyi uku. Da fari shi ma falke ne, yana da nasa jakunan da nasa kayan. Na biyu, akwai kyautar da fatake ke yi masa in an sauka lafiya. Na uku, shi ne ke zuwa gaban kowane sarki ya daidaita garama, wato kuɗin da ayari ke biya kafin ya ratsa ƙasa, da kuɗin fito a bakin kogi, sarakuna kuma sukan mayar masa da wani abu don ya sake biyowa ta ƙasarsu baɗi.

Wannan hanya ta uku ita ce mai sarƙaƙiya. Mutumin da ke wakiltar fatake wajen rage garama shi ne kuma mai cin moriyar sarkin da ke karɓar ta. Abin da ya riƙe amana a nan shi ne mutunci, domin madugun da aka gane yana haɗa baki da sarakuna, ko wanda ya jefa jama'a cikin hari saboda ganganci, zai wayi gari babu mai bin sa. Jarinsa na gaskiya shi ne yardar mutane, ita kuwa tafiya guda tana iya cinye ta. Ƙasar Bargu ta yi ƙaurin suna wajen fashin ayari, saboda haka zaɓin hanya da ranar tashi magana ce ta rai da mutuwa, kuma a wuyan madugu take.

Waɗanda suka ɗauki kayan

A ƙarƙashin waɗannan shugabanni akwai jama'a mafi yawa, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba: masu korar jakuna, 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka, da matan da ke ɗaukar kaya suna kuma dafa abinci a zango. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa kan fataucin goro da ya fito a 1980, ya nuna cewa manyan gidajen wannan fatauci, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun dogara ƙwarai da 'ya'yansu da barorinsu da bayinsu. Wannan yana nufin yawancin masu aikin ba lada ake biyan su ba. Bawa yana samun ci da sutura. Yaron gida yana aiki da fatan wata rana maigida zai yi masa aure ya ba shi jari. Ɗan alaro mai 'yanci ne kaɗai ke yin jinga, shi ma in ciwo ya kwantar da shi a hanya, ladansa ya tsaya a inda ƙafarsa ta tsaya.

Aikin goro kuma ba ya ƙarewa da sauke kaya. Goro ɗanye ake son sa, saboda haka sai an naɗe shi a ganyen fita an yi huhu, ana yayyafa masa ruwa, ana kwance shi lokaci-lokaci a tsince wanda ya lalace kafin ya shafi sauran. Ƙwarya ɗaya goro 100 ce, kuma kowace ƙwarya a ƙidaye take a wurin mai kaya. Cutar da ke cin goro daga ciki ita ake kira sankara, kuma daga nan ne kalmar ta koma sunan ciwon daji a Hausar yau. Bayan tafiyar yini, yaron falke zai nemo wa jakuna ciyawa da ruwa, ya zauna tsintar goro, sannan ya yi gadi. Karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ta dace da shi.

Salaga kanta ba wurin hutu ba ce. Gari ne mai ƙarancin ruwa, shi ya sa aka haƙa rijiyoyi masu yawan gaske da har yau ake nuna wa baƙi. Da rani, lokacin da ayari ke cika garin, ruwa da itace da abinci duk saye ake yi da tsada. Binger, Bafaranshen da ya sauka a can a 1888, ya koka da ƙazantar garin. Falke yana sauka ne a gidan maigida, wanda ke ba shi masauki da ma'ajiya, ya haɗa shi da masu saye, ya karɓi la'ada. Wajibi ne kuma a faɗi cewa Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma a shekarun 1880 hare-haren Zabarmawa ƙarƙashin Babatu a ƙasar Gurunsi sun cika ta da kamammu. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗauko goro zuwa ƙasar Hausa, su kansu a kasuwar aka saye su tare da goron.

Yadda aikin ya rushe

A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Tonawa a kan arewa ya karye, goro ya fara karkata zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. A 1892 yaƙin basasa kan sarautar Kpembe ya tarwatsa Salaga, fatake suka watsu zuwa Kete-Karachi da Yendi da wasu garuruwa. Cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawallafin waƙoƙin Hausa da Larabci, wanda ya zauna a Kete-Karachi har rasuwarsa a 1934. Rubuce-rubucen da ya yi wa Bajamushe Adam Mischlich suna cikin muhimman abubuwan da muke dogara da su wajen sanin rayuwar Hausawa ta wancan zamani.

Yendi ma ba ta tsira ba. A ƙarshen 1896 Jamusawa suka ci Dagwamba a yaƙin Adibo, kuma yarjejeniyar 1899 ta sa Yendi a hannun Jamus, Salaga a hannun Ingila. Hanyar da ta kasance guda ta zama mai iyaka a tsakiya. Turawa suka kafa nasu harajin ayari, mai ƙayyadadden farashi da takardar shaida. A nan ne ƙwarewar madugu ta fara rasa kasuwa, domin ba a yin ciniki da takarda, ba ta kuma mayar da tukuici.

Abin da ya ƙarasa aikin shi ne sufurin zamani. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan ya hau jirgin ƙasa. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya. Mai jari ya sauya hanya ya ƙara arziki, mai korar jaki da ɗan alaro kuwa sai suka nemi wata sana'a. Bawku ta fi sauran jurewa, domin tana bakin iyaka, kuma shanu da tumaki da jakuna daga ƙasar Moshi sun ci gaba da bi ta cikinta zuwa kudu, daga baya manyan motoci suka gaji hanyar.

Abin da ya rage

Tambayar da muka fara da ita ba ta tsufa ba. A Turai, wasu kamfanonin jiragen sama masu arha sun daɗe suna ɗaukar matuƙa ta hannun 'yan kwangila, ana biyan su gwargwadon sa'o'in da suka yi a sama, wasu ma su suke biyan kuɗin horon kansu. Kamfanin Ryanair bai amince da ƙungiyoyin matuƙansa ba sai a Disambar 2017, bayan ya soke dubban tafiye-tafiye. Matuƙin jirgi ya fi ɗan alaro gata nesa ba kusa ba, amma tsarin yana da kama ta fuska guda: an rage tsadar tafiya ta hanyar ɗora kasadar rashin lafiya da rashin aiki a kan mai aikin.

A Gana kuwa, harshe ya adana tarihin. Zangon da ayari ke yadawa ya zama zongo, sunan unguwar baƙi Musulmi a kusan kowane gari. Matan da ke dako a kasuwannin Ankara da Kumasi, waɗanda yawancinsu daga arewa suke, ana kiran su kayayei, daga kalmarmu ta kaya da kalmar Ga mai nufin mata. Madugu kuma ya bar hanya ya shiga siyasa, har muna cewa madugun 'yan adawa, jagaba ma ya zama sarauta.

Aikin da nake so ɗalibai su yi kafin darasi na gaba shi ne su ɗauki kalmomi biyar, wato lada da la'ada da jinga da garama da tukuici, su bayyana bambancin ma'anarsu, sannan su nuna wane ne a cikin ayari yake karɓar kowacce, wane ne kuma ba ya karɓar ko ɗaya. Wanda yake da tsoho a gida da ya taɓa jin labarin Gwanja daga bakin iyayensa, ya zauna da shi ya rubuto mana abin da ya ji.