Shugabannin NBA da abin da suka bari

David Stern ne ya fi daɗewa yana shugabantar NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daga 1984 zuwa 2014.

Ya gaji Larry O'Brien, wanda a zamaninsa aka haɗe NBA da kishiyarta ABA a 1976. Sai dai Stern ne ya fitar da wasan zuwa kasuwannin duniya, kuma ƙungiyoyi suka ƙaru daga 23 zuwa 30. Hakeem Olajuwon na Nijeriya ne ɗan wasan da aka fara ɗauka a zaɓen 1984, na farko a ƙarƙashinsa.

Amma mutum ne mai tsauri. Taƙaddamar albashi ta sa an rage wasanni a kakar 1998 da ta 2011, sannan ya ƙaƙaba wa 'yan wasa dokar tufafi a 2005. Ya rasu a 2020.

Magajinsa Adam Silver ya fi sassauci ga 'yan wasa. Wata uku bai cika ba a ofis ya haramta wa Donald Sterling, mai ƙungiyar Clippers, shiga harkar NBA har abada saboda kalaman wariyar launin fata. A zamaninsa aka fara gasar Afirka ta BAL a Kigali a 2021.